Ƙahon Alhamis a Khumra

Zabirar da na gada a wurin mahaifina ba ta da girma. Aska biyu ne a ciki, da ƙaramar askar tsaga, da ƙahoni huɗu, da dutsen wasa wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Da ita ya baro Sudan ina goye a bayan mahaifiyata, da ita ya ciyar da mu a unguwar Nuzla har ya kwanta ciwon ajali. Ni ban riƙi wanzanci sana'a ba. Aikin alminiyam na koya, tagogi da ƙofofi, a wata warsha, wato wurin ƙera kaya, da ke Khumra, can kudancin Jidda inda babu abin gani sai ɗakunan ajiya da manyan motoci. Amma ɗan wanzami ko bai so ba hannunsa ya iya.

Shugaban warshar mutumin Urdun ne, ƙasar da wasu ke kira Jodan. Ma'allim muke ce masa. Mai warshar, wanda shi ne kafilinmu, wato mai tsaya mana a takardun zama, sau uku na taɓa ganinsa cikin shekara goma sha ɗaya. Duk shekara in lokacin sabunta iƙama ya zo, wato takardar zama a ƙasar, ma'allim ne ke kai masa sunayen waɗanda ake so a riƙe. Iƙamar matata da ta 'ya'yana uku a jikin tawa suke rataye. Saboda haka zamanmu a Jidda a bakin ma'allim yake, kuma duka mun san da hakan, ni da shi, ko da yake ba mu taɓa faɗi ba.

Mutum ne mai faɗa da tsawa, mai kuma kyauta. Yana fama da ciwon baya tun kafin in san shi. A shekarata ta farko na gan shi yana dafa bango kafin ya miƙe, na ce masa mahaifina yana yi wa irin wannan ƙaho. Ya ce su ma suna yi a ƙauyensu, hijama suke ce mata, amma tun da ya zo Jidda bai sami mai hannu ba. Alhamis ta gaba na zo da zabira. Daga ranar abin ya zama al'ada.

In mun yi la'asar ranar Alhamis sai a kashe injin yanka, a share garin alminiyam, a kifa bokitin fenti a tsakar warsha. Duk sati aski, ƙaho kuwa sau ɗaya a wata ko in bayan wani ya matsa. Ma'allim ne farko, sai ƙanin matarsa wanda ke tuƙa motar kaya, sai Yamalawa biyu, sai wani dattijo ɗan Bangaladash. Ni ne ƙarshe, in tsaya a gaban madubin mota in aske kaina da gemuna. Tsakanin mutum da mutum ina goge askar da tsumma, in tsoma ta a ruwan zafi daga butar shayi, in yayyafa mata turaren kolon. Haka na ga mahaifina yana yi, sai dai shi ko kolon ɗin ba shi da shi.

Da Larabci muke magana, ni ne ke mayar da ita Hausa a nan.

"A hankali, ya zalame, bayan mutum ne, ba gilashi ba," in ji ma'allim duk lokacin da na fara tsaga. Zalame shi ne yadda mutanen ƙasarsu ke kiran namiji.

"Gilashi ba ya ihu, ma'allim."

"Ji shi! Na ba shi aiki, na ba shi bayana, yana zagina."

In aka cire ƙaho sai ya sa a nuna masa jinin. In ya ga ya yi baƙi ya daskare sai ya yi murna, ya ce ga mugun ya fita.

Wata-wata matarsa kan aiko mana da mansaf, abincin ƙasarsu, shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono, a babban faranti guda. A tsaye ake ci, hannun hagu a baya, na dama yana dunƙula loma. Ma'allim yakan yago tsoka mai laushi ya tura gabana ya ce, "Ci, ya hajji, kai ne likitanmu."

Matar nan ce aka ce za a yi wa aiki a ciki, asibiti suka nemi a kawo masu ba da jini. Muka cika motar kaya muka tafi mu duka. Direban, wanda ke ratsa tirela biyu ba ya ko ƙifta ido, da ya ga allura sai ya ce a ba shi ruwa, muka yi ta yi masa dariya har muka dawo. A ƙarshe dai jinina kaɗai aka ɗiba, don nawa ne ya dace da nata. Bayan kwana biyar aka kira ni a waya aka ce in koma.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Tana buɗe baki na ji harshen ma'allim, na gane 'yar Urdun ce. Ta ce an sami ƙwayar ciwon hanta a jinina, nau'in da ake kira B, don haka ba za a yi amfani da jinin ba.

Na ce, "Likita, ba abin da ke damuna. Ƙofa nake ɗauka ni kaɗai."

Ta ce, "Haka yake yi, baffa. Yana iya zama shekaru a jikin mutum bai ce uffan ba. A gidanku akwai wanda ya yi ciwon hanta?"

Na tuna mahaifina, yadda cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Shawara muka ce, muka yi ta ba shi rake da jiƙe-jiƙe. Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai ta rubuta. Ta ce mai yiwuwa tun ina yaro nake ɗauke da shi, ba wanda zai iya cewa daga ina. Ta ce hantata a yanzu ba ta nuna lahani ba, amma duk wata shida sai na zo an duba, kuma in kawo matata da yara a gwada su, akwai allurar rigakafi.

Na tambaye ta abin da ya fi damuna a lokacin. Na ce mu shida muke ci a faranti ɗaya.

Ta ajiye biro ta yi ajiyar zuciya. "Ci da kowa, sha da kowa, ka gaisa, ka rungumi 'ya'yanka. Ba ta nan yake bi ba. Wallahi ko a gidanmu na gaji da faɗin wannan, goggona har yau tafasa cokali take yi in wani maƙwabcinta ya ci abinci ya tafi. Jini ne hanyarsa, da kwanciyar aure, da haihuwa. Reza, buroshin haƙori, abin yanke farce, allura, kada ka haɗa da kowa. In ka yanke a wurin aiki ka rufe ciwon, ka goge jinin da kanka. Kana yin hijama?"

Na ce, "Wani lokaci."

Ban ce mata ni ne mai yi wa mutane ba. Ta ba ni wata takarda mai hotuna. A lokacin ban fi wata biyu da shiga ajin manya ba, wanda wani malami ɗan Katsina ke koyar da mu a Nuzla, Larabci da boko, don haka rubutun bai yi mini magana ba. Hotunan kuwa ba sa bukatar malami. Ga mutum biyu suna cin abinci, an yi musu alama koriya. Ga reza, an ja mata jan layi. Na ninke takardar na sa a aljihu, na hau mota zuwa Khumra.

Ba yadda zan ɓoye wa ma'allim cewa an ƙi jinina, tunda don matarsa na bayar. Na faɗa masa sunan ciwon, na tsaya nan. Ya dafa kai ya yi salati.

"Abu safar ke nan," ya ce. Sunan shawara ke nan a wurinsu. "Sau nawa na ce ka daina cin wake a wurin mutumin nan na bakin titi? Ko kuwa tsorata ka yi? Ranar da gilashi ya faɗo kusa da kai, tun ranar na ga fuskarka ta canja. Tsoro yana kawo shi, kakata ta sha faɗi. Da a ƙauyenmu ne da an ɗora maka ƙusa mai zafi a wuyan hannu, kwana uku ka warke."

Direban ya ce shi ya ji a gumi ma ana ɗauka, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

Ma'allim ya daka masa tsawa. "Zauna, matsoraci! Ɗan'uwanmu ne, ba za mu gudu mu bar shi ba."

Washegari ya zo mini da kwalbar zuma da ta ruwan inabi mai kauri, ya ce zaƙi ne abincin hanta. Ya kuma zo da sabon kofi da sabon faranti. Da hannunsa ya naɗa jan tef a hannun kofin don kada a rikita. Na ce likita ta ce ba ta abinci ake ɗauka ba. Ya ce, "Likita ta ce, likita ta ce. Kiyayewa ba ta kashe kowa ba." Da mansaf ya zo a wannan watan, shi ya ɗebar mini nawa, ya zaɓo nama mafi kyau, ya ajiye mini a kan teburin awo. Suka tsaya su biyar a kan babban faranti, ni ina gefe da cokali. Ban ji haushinsa ba, don na san da zuciya ɗaya ya yi.

Ranar Alhamis kuwa, da aka yi la'asar, sai ya kifa bokiti ya zauna ya tuɓe riga.

"Yalla, ya hajji. Bayan nan ya dame ni."

Na ce na manta zabirar a gida. Alhamis ta biyu na ce hannuna ke ciwo. Ta uku na sayo reza a kemis, kowa da tasa, na yi musu aski. Ma'allim ya shafa kai ya ce wannan askin 'yan makaranta ne, albarka tana cikin askar mahaifina. Ƙaho kuma na ce a bari sai wani satin.

A cikin makonnin nan aka gwada iyalina. Yaran an yi musu rigakafi tun suna jarirai, ba a sami komai a jininsu ba. Matata ma Allah ya tsare ta, aka fara yi mata allurai. Na yi godiya ga Allah, amma nauyin bai sauka ba. Kullum in na shiga warsha sai in ga bayan mutum biyar, kowanne da layukan tsagata a jiki.

Alhamis ta huɗu ma'allim ya shigo yana tafiya a karkace.

"Ina jakar?"

"Hannun nan har yanzu, ma'allim."

"Hannun da ya ɗaga ƙofa uku yau da safe? Shi ke nan, na gane. Nauyinmu kake ji, ba ka so ka taɓa mu. Ba komai. Ranar Asabar ka kawo jakar ka ba wannan." Ya nuna direban. "Shekara goma sha ɗaya yana kallonka, ko jaki ne ya koya. Da kai zai fara, a fitar maka da mugun jinin nan, sannan ya yi mini."

Direban ya ce, "Naka zan tsotsa da bakina. Nasa kuwa sai dai a kawo famfon taya."

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na zauna da matata a tsakar gida na faɗa mata. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"To, Malam, me ka yanke?"

"Zan ce zabirar ta ɓata."

"Sai ya sayi ƙaho a kasuwa, wannan ruwansa. Na baya fa? Shekara goma sha ɗaya fa?"

"Iƙamarmu saura wata uku, Hajiya."

"Na sani. Ni ma a kanta nake zaune." Ta zubar da tsakuwar da ta tsinta. "Ka ɗauka ina so in kwashi yaran nan in kai su Sudan, ƙasar da ba su taɓa gani ba, a wannan hali da take ciki? Amma matar nan da ka je ba wa jini, in mijinta yana da shi, wa zai gaya mata ta yi allurar da nake yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Ta tashi ta ɗora tukunya.

Ranar Asabar na bar zabirar a gida na ɗauki takardar likita. Na sami ma'allim a ɗan ofishinsa, inda na'urar sanyi ke ɗiga a cikin gwangwani. Na rufe ƙofa na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye, ya juya baya ya karanta, sannan ya zauna a hankali saboda bayan.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Likitar. 'Yar ƙasarku ce."

"'Yar ƙasarmu! Mun tura su jami'a sun dawo suna koya mana wanke hannu. Hijama sunna ce."

"Ba ta ce a daina ba. Cewa aka yi kowa da askarsa sabuwa, a yar in an gama. Tawa kuwa ɗaya ce, ma'allim. Da ita nake muku, da ita nake yi wa kaina."

"Kana sa ruwan zafi. Kana sa kolon, da idona nake gani."

"Ba ya isa."

Ya cire tabarau. "Tun yaushe ka san wannan?"

"Wata guda."

"Wata guda. Kana tsaye kana kallona ina naɗa maka tef a kofi."

"Eh."

"Shekara goma sha ɗaya kana tsaga mini baya da askar da kake aske gemunka."

"Eh, ma'allim. Ban sani ba sai yanzu. Abin da nake roƙo, ka je a gwada ka. Kai da su duka. In babu, akwai allura. In akwai, gara a sani."

Ya ajiye takardar a kan tebur. Da ya buɗe baki bai yi tsawa ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

"Ka san abin da kake nema? 'Yata ta biyu an sa mata rana, bazara mai zuwa, a gida. A garinmu in aka ji wannan kalma ta shiga wani gida, ko gahawa ba za a karɓa daga hannunsu ba, balle a ɗauki 'yarsu. Lafiyata ƙalau. Wanda ya je tono shi ke samu. Ba inda za ni."

"Ba wanda zai ji."

"Ƙanin matata bakinsa ɗaya, garinmu kunnensa dubu. Kuma kada ka kuskura ka buɗe baki a warshar nan."

"Sai na faɗa musu, ma'allim. Bayansu ne."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Fita."

Da aka zauna shan shayin hantsi na faɗa musu, ina riƙe da kofina mai jan tef. Dattijon Bangaladash ya ce rai a hannun Allah yake, ya ci gaba da tsoma burodi. Ɗaya daga cikin Yamalawan ya tambayi sunan asibitin. Ɗayan ya tashi ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Direban ya kai hannu yana shafa ƙeyarsa.

Ranar Litinin aka ce an mayar da ni ɗakin ajiya, can ƙarshen Khumra inda kwalta ta ƙare. Ba ma'allim ne ya gaya mini ba, direban ya aiko.

Ɗakin ajiyar rumfar kwano ce doguwa, cike da sandunan alminiyam da akwatunan gilashi. Ni kaɗai ne a ciki. Mota ta zo in loda, mota ta zo in sauke, sauran yinin in zauna a bakin ƙofa inda iska ke ɗan ratsawa. Da rana kwanon yana ƙara saboda zafi. Shekara goma sha ɗaya ina yanka da haɗawa, na koma mai gadin ƙarfe. A nan karatuna ya ɗan yi gaba, don ba abin yi. Na roƙi wata takardar a asibiti, na yi ta bin ta harafi-harafi har na iya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, kuma ban sami komai a ciki da hotunan ba su riga sun gaya mini ba.

A Nuzla ma akwai tsofaffi uku da nake yi wa ƙaho. Na bi su ɗaya-ɗaya. Guda ya ce mahaifina ya yi masa shekara talatin bai mutu ba. Guda ya je. Na ukun ya daina amsa sallamata na ɗan lokaci, daga baya ya dawo.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ba wanda ya karɓi takarduna don sabuntawa, ba kuma wanda ya ce mini in nemi wani kafilin. In direban ya zo ɗaukar kaya sai in dubi fuskarsa, shi kuma ya dubi sanduna. Matata ta daina tambayata. Wata rana na tarar ta fito da manyan jakunkunanmu daga saman kwaba tana kakkaɓe su, ta ce ƙura ce ta dame ta.

Saura kwana tara iƙamar ta mutu, bayan azahar, na ji tsayawar ƙaramar mota. Ma'allim ne shi kaɗai. Ya shigo yana dafa ƙugu, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Nan ai tanda ce. Ba fanka?"

"Akwai, ta mutu."

"Kuma ba ka faɗa ba. Kai dai abin da ya kamata ka faɗa ba ka faɗi, wanda bai kamata ba kuwa..." Bai ƙarasa ba. Ya ja akwati ya zauna, ya ciro ambulan daga aljihu ya riƙe bai miƙo ba.

"Wancan matsoracin ne ya fara zuwa, a ɓoye. Ba shi da komai, an yi masa allura, ya zo yana yi mini burga da auduga a hannu. Sai ya gaya wa yayarsa. Ka san sauran. Mace in ta sa ka a gaba."

Na dubi ambulan ɗin da ke hannunsa.

"Ina da shi," ya ce.

Na yi salati. Na ce, "Ka yafe mini, ma'allim."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Likitar taka ta tambaye ni gidanmu. Mahaifiyata da idonta rawaya ta rasu. Yayana ma haka, bai kai hamsin ba. Mu muka ce baƙin ciki ne, an cinye masa gona. Ta ce mai yiwuwa da shi aka haife ni." Ya juya ambulan ɗin a hannu. "Ni ne farko a kan bokiti, kai ne ƙarshe. Wa ya sani ko ni na ba ka?"

"Ko kowa da nasa ya zo."

"Ko haka. Ta ce ba za a taɓa sani ba." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni an ce tawa hantar ta ɗan taɓu. Ƙwaya kullum, har illa ma sha Allahu. Ta kuma ce zumar nan in sha don daɗi kawai."

Na tambaye shi labarin matarsa. Ya ce an gwada ta, an fara mata allura. Na tambayi 'ya'yansa da ke gida, da wadda za a aurar.

"Bayan biki."

"Ma'allim."

"Na ce bayan biki, ya zalame. Kada ka sake hawa kaina, na gaji." Ya miƙe da ƙyar. "Gobe ka ba direba fasfo ɗinka da na iyalinka. Na kai sunanka."

Na zauna a kan akwatin da ya tashi.

"Amma nan za ka zauna," ya ce. "In na mayar da kai warsha za su ce me ya canja, su fara lissafi. Ba wanda ya san nawa sai matata da kai. Ko ƙaninta bai sani ba. Ka ji?"

"Na ji."

"Zan aiko da fanka."

Ya aiko da ita bayan kwana biyu. Iƙamar ta fito, ta sake fitowa a shekara ta gaba. An yi bikin, ya dawo mana da alewa a kwali. Na tambaye shi sau ɗaya ko ya gaya wa yaran, ya ce yana neman lokacin da ya dace. Ban sake tambaya ba. Ɗaya Bayamalen da dattijon Bangaladash sun bar aiki sun koma ƙasashensu ba su je gwajin ba, ban san inda suke ba.

Har yanzu ina ɗakin ajiya. Duk wata shida ranarmu ta asibiti kan zo kusa da juna, wani lokaci rana ɗaya. In ɗakin jira ba kowa sai baƙin fuska, yakan zo ya zauna kusa da ni ya yi ta ƙorafin sabbin ma'aikata da ba su iya riƙe awo ba. Zuwan da muka yi na ƙarshe muna cikin hira sai wani mutum ya shigo yana waya da harshen ƙasarsu. Ma'allim ya katse maganarsa a tsakiya, ya tashi ya koma can gefen masu ciwon ƙashi, ya dafe baya. Da aka kira lambarsa bai motsa ba. Aka kira sau biyu aka wuce, aka kira tawa. Na shiga, na fito, na same shi yana nan zaune yana jiran mutumin ya tafi.